Mudi Wakilin Masu Gayya

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Bebeji a shekarun nan da aka yi wahalar man fetur, to ya san Mudi. Ko bai riƙe fuskarsa ba, ya riƙe muryarsa. Kaset yake sayarwa da batirin rediyo a kan wani tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce, amma a gaban teburin ya sa an rubuta masa Injiniya da jan fenti. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya ba kansa sunan, ya kuma riƙe abinsa da kyau. In rediyonka ta yi shiru ka kai masa, zai kwance ta, ya hura mata iska, ya faɗa maka sunan ciwonta da Turanci, sannan ya mayar maka da ita tare da ragowar kusoshinta a leda.

Mudin nan ne ya ɗauro niyyar auren Hajiya Baturiya, matar marigayi Malam Datti. Bazawara ce mai gidan kanta da gonarta a hanyar Yako. Manema sun zo sun tafi. Ba ta korar kowa, tambayoyi kawai take yi wa mutum har ya kori kansa.

Cikin abin da marigayi ya bari akwai kwamfuta, wadda ya saya a gwanjo lokacin da aka rufe ofishin da yake aiki a Kano. Tana ɗakinsa na kusa da zaure, a lulluɓe da zanen atamfa. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta, Hajiya takan ce wa mutanen gida, "Zan shiga aiki," ta ja ƙofa. Unguwa duk ta san da aikin nan, ana kuma girmama shi. Mai tallan da ya zo a lokacin sai ya rage murya. Abin da ba a sani ba, Hajiya ban da sunanta ba ta karanta komai. Karta take jerawa, ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, da ɗan abin nan mai wutsiya da ake cewa ɓera. Marigayi ne ya koya mata lokacin da yake jinya. Mudi kaɗai ya taɓa gani, ran da aka kira shi ya sauya ƙwan fitila, kuma a ranar ta ce masa, "Abin da ka gani a ɗakin nan, a ɗakin nan yake kwana."

Wata ranar damina sai ga Mudi a zaure da kwalin takalmi a hammata. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shuka. Ya buɗe kwalin a gabanta kamar mai buɗe lefe. Faya-fayen kwamfuta ne a jere, irin baƙaƙen nan masu kusurwa huɗu. Wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a Tudun Wada ne ya kwafa masa.

"Hajiya," in ji Mudi, "kwamfutar nan taki da hankalin haya take aiki, na kamfani. Ni kuwa na samo miki sabon hankali, ɗan 'yanci. In na zuba mata shi, ko ofishin gwamna sai dai su zo kallo."

"Nawa ne?"

"Kyauta."

"Me ya same shi?"

"Babu abin da ya same shi."

"To wa ya mutu ake sadakarsa?"

"Ba wanda ya mutu, Hajiya."

"Na sata ne ke nan."

"Ba na sata ba ne. Masu shi da bakinsu suka ce duk wanda ya samu ya ba wani. Har cikinsa an bari a buɗe, mai son leƙawa ya leƙa, mai abin ƙarawa ya ƙara."

Hajiya ta leƙa cikin kwalin. Ita ko gishiri ba ta taɓa saya ba sai mai shi ya yi gumi, ga shi an kawo mata abin da ba shi da inda za ta kama ta ja. Can ta ce, "To gyara fa?"

"Hajiya, ai duka gyara ne."

"Ni ba na cin abin da ban san hannun da ya ba ni ba. Su wa suka yi shi?"

Mudi ya gyara zama, don a nan ɗan bautar ƙasar ya yi masa dogon bayani, ya kuma riƙe kusan rabi. "Kin san gayya? To gayya ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kowa da fartanyarsa. Wannan ya nome kunya ɗaya, wancan ya nome ɗaya, har gona ta tashi. Ba wanda aka biya."

Hajiya ta miƙe zaune sosai. "Gayya aka yi mini?"

"Kusan haka."

"Aka yi mini gayya, ba a ce in ɗora tukunya ba? A gidan ubana da gidan Malam, ba wanda ya taɓa sunkuya mana a gona ya tafi da yunwa. Ba a kaina za a fara ba. Ka san su?"

Mai hankali a nan zai ce a'a ya huta. Mudi ya ce, "Su? Abokaina ne. Ni ne wakilinsu tun daga Kwanar Ɗangora har Doguwa."

"Madalla. Ka gaya musu Asabar ta sama akwai tuwonsu."

"Suna da nisa, Hajiya."

"Da nisan suka yi mini noma."

"Ta cikin kwamfutar za su gaishe ki, da zarar na gama. Tuwon kuma ni zan karɓa a madadinsu."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Injiniya, in na ga abin da ka faɗa, ka turo manyanka. In ka taɓa mini aikina, ko inuwar zauren nan kada ka ƙara sha."

Rabin farko kaɗai Mudi ya ji. Kafin ya isa tasha ya riga ya zaɓi launin babbar rigar da zai ɗinka.

Washegari ya fara. Ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau wanda ba na ciwon ido ba, ya zura faifai na farko. Kwamfuta ta yi gurnani ta soma tambayoyi da Turanci. Turancin Mudi na sunayen ciwon rediyo ne, bai kai nan ba. Amma ya yi lissafin cewa mai neman aure ba ya cewa a'a a gidan da yake nema, saboda haka duk abin da ta tambaya ya danna e. Akwai wata tambaya doguwa, da manyan baƙaƙe, wadda ta maimaita masa kamar mai riƙe rigar mutum tana cewa ka dai tabbata. Tambayar kuwa ita ce, ko a share duk abin da ke cikinta.

"Me ta ce?" in ji Hajiya daga bakin ƙofa.

"Tana tambayar lafiyarki."

"Ce mata lafiya lau."

Mudi ya danna e.

Ana cikin tafiya sai wani faifai ya ƙi. Ya zaro shi ya hura masa iska, ya ƙi. Ya goge shi da hularsa, ya ƙi. Ya juya shi ya cusa ta baya, ya maƙale, sai da cokali aka fito da shi. Mudi ya ce ƙaramin abu ne, ya hau babur sai Tudun Wada. A can aka ce malamin, ɗan bautar ƙasar nan, ya tafi Doguwa wajen abokinsa. Ya bi shi. Mai ya ƙare masa a hanya, ya tura babur yana gaya wa masu wucewa cewa injin yake hutarwa. Ya sami malamin, aka kwafa masa wani faifan. Malamin ya fara yi masa bayanin abin da zai yi bayan an gama, Mudi ya ce ai ya sani. Ya sa faifan a ƙarƙashin hula don tsaro. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge.

Kulu, aminiyar Hajiya, mai sayar da busasshen kifin Tiga, tana tsakar gida lokacin da ya shigo yana ɗiga.

"Injiniya, daga wanka?"

"Daga aikin ƙasa da ƙasa."

"Ƙasar dai na gani har gwiwa."

Ya ce a ba shi wuri kusa da murhu ya busar da faifan. Kulu ta ce ita kifi ta sani, amma ko kifi ba a kai shi kusa haka. Ya ce kifi daban, kimiyya daban. Kafin ya gama maganar faifan ya lanƙwashe kamar ganda. Ya sake hawa babur.

Ana haka Hajiya ba ta da aikin la'asar. Sai ta riƙa fitowa zaure ta zauna, duk mai tallan da ya gifta ta kira shi. Mai itace ya sauya hanya. Mai manja ta tsaya ciniki da ita tun la'asar, ta tashi ba ta san ko ta sayar ba ko an yi mata wa'azi. Mutanen unguwa suka fara tsayar da Mudi a hanya suna cewa don Allah ya yi sauri.

Ranar Juma'a faifan ƙarshe ya shiga lafiya. Sabon hankalin ya zauna daram, babu abin da ya same shi. Sai dai fuskar kwamfutar ta zama baƙa ƙirin, da 'yan fararen baƙaƙe a sama, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa, yana jiran a gaya masa abin da zai yi a yarensa. Babu koren teburin da Hajiya ke jera karta a kai. Babu karta. Mudi ya dube ta, ta dube shi. Ya gaya wa kansa cewa sabuwar rijiya ma sai ta kwanta ake ganin ƙasanta, kafin gobe karta za ta taso. Ya lulluɓe ta da zanen ya ce wa Hajiya kada a buɗe, tana tsumuwa.

Asabar tun hantsi hayaƙi ya tashi a gidan. Tuwon dawa, miyar kuka da kifin Kulu, ga fura an dama. Baffa Hamman, dattijon rugar da Hajiya ke sayen nono, ya taso tun daga wajen Ɗansoshiya da ƙwarya a bayan keke. Ya ce shi ba tuwo ya kawo shi ba. Ya ji an ce akwai mutanen da ke aiki ba biya, yana so ya tambaye su ko suna kiwo.

Aka fito da kwamfuta zaure aka ɗora a kan tebur, yadda maza za su gani daga waje, mata daga ciki. Har matar liman ta zo, aka ba ta kujera a gaba. Ana gama jona wayoyi aka ɗauke wuta. Aka aika wajen Bala mai gidan kallo ya kawo janaretansa, wani tsoho mai tari, wanda in ya tashi sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka. Bala ya ce man da ke ciki kaɗan ne, a yi abin da za a yi.

"Masu aiki su fara ci," in ji Hajiya. Ta sa aka ajiye wa Mudi babban akushi, tuwon gayya guda, a tsakiyar zaure.

Mudi ya wanke hannu. Ya yanko loma ya ɗaga ta sama. "Wannan ta mutanen Jamus ce."

Jama'a suka ce Allah ya amfana.

"Wannan ta Amurka."

"Indiya fa?" in ji wani daga waje. Mudi ya ci ta Indiya. Aka ce Japan, ya ci. Bala ya san ƙasashe da yawa saboda finafinai, ya tsaya yana jerowa, Mudi yana haɗiya. Da ya fara jinkiri Kulu ta leƙo ta ce, "Ba Larabawa a cikinsu?" Ya ce akwai. Ta ce to ai Larabawa ƙasashensu da yawa. Sai da akushi ya koma fes. Aka kawo fura, ya sha ta mutanen da aka manta.

Da kyar ya tashi ya zauna gaban na'ura. Ya yi bisimilla ya yaye zanen. Baƙar fuska, fararen baƙaƙe, ɗan layi yana ƙyaftawa. Karta ba ta taso ba.

"Ta mutu ne?" in ji matar liman.

"Natsuwa ce," in ji Mudi da ƙarfi, saboda janareta. "Na yara ne mai launi-launi. Yanzu zan kira su."

Ya watsa yatsunsa a kan madannai kamar mai kiɗan kalangu, ya danna babban. Kwamfuta ta ba da amsa, ɗan gajeren layi, ma'anarsa ba ta san wannan umarni ba.

"Sun ce suna gaida Hajiya."

"Ina amsawa. Tambaye su tuwo ya yi?"

Ya sake kiɗa. Layin ya sake fitowa.

"Sun ce ba su taɓa cin irinsa ba."

Baffa Hamman ya matso da sandarsa. "Ɗana, tambaye su maganar kiwon nan. Daga nan zuwa kaka kawai."

Mudi ya kiɗa. Layin ya fito. "Sun ce za su yi shawara, Baffa."

Kulu ta miƙo wuya ta ƙura wa gilashin ido. "Ni dai ban yi boko ba. Amma ƙarshen zanen nan shi ne na ɗazu, shi ne kuma na kafin ɗazu. Gaisuwa da tuwo da shanu duk zane ɗaya?"

"Haka yarensu yake. A taƙaice suke magana."

"To ba su yi kama da abokanka ba."

Aka yi dariya daga waje. Hajiya ba ta yi ba. Ta matso, ta ɗora hannu a kan ɓera, ta ja shi dama, ta ja shi hagu. Babu abin da ya motsa. Ta ɗaga shi ta dubi cikinsa, ta ajiye. Ta sunkuyo kusa da kunnen Mudi.

"Ina aikina?"

"Yana ƙasa."

"Ɗago shi."

Mudi ya zuba wa madannai ido. Sai ya tuna wata kalma da ɗan bautar ƙasar ya faɗa a Doguwa lokacin da shi yake cewa ya sani. Ya danna ta. Nan take rubutu ya barke, yana gudu daga ƙasa zuwa sama kamar tururuwa an taɓa gidansu. Jama'a suka matso. Mudi ya buɗe hannuwa ya ce, "Ga su nan, duk sun zo." Rubutun ya gama gudunsa ya tsaya. Ɗan layin ya koma ƙyaftawarsa.

"Ina aikina?" in ji Hajiya, wannan karon ba a kunne ba.

Mudi ya ga babbar rigarsa tana nisa. Ya cika ƙirji don muryarsa ta haye ta janareta, ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba wani abin kirki ne ya ɓace ba."

A daidai nan man Bala ya ƙare. Janareta ya yi tari ya mutu. Amma bakin Mudi ya riga ya ɗauki gudu, kuma da ƙarfin da ya fara da shi ya ƙarasa.

"Kartar nan ce kawai da kike bugawa kullum la'asar."

Ana jin kaza tana tsattsagar tuwon da ya zube a bakin ƙofa. Mai itace, wanda ya shekara yana rage murya in ya zo wucewa, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Matar liman ta kalli rufin zaure.

Hajiya ta gyara mayafinta a hankali, ta juya ta fuskanci matan.

"Karta ce," in ji ta. "Ni kaɗai nake jera abata, ba caca, ba abokin bugu. Malam ne ya koya mini yana kwance. Wadda ta taɓa ganin na jinkirta magariba saboda ita, ga wuri."

Ba wadda ta ɗauki wurin.

"Kina ci dai?" in ji Kulu.

"Ina ci."

"To shi ke nan."

Sannan Hajiya ta juyo kan Mudi. "Malam Mudi, mutanenka ban ga laifinsu ba. Sun yi aikinsu sun bayar, Allah ya saka musu da alheri. Su ban gan su ba, kai na gani. Baffa, kai ne babba a nan. Wanda ya ci tuwon gayya a gaban jama'a, aiki bai tashi ba, yaya ake yi da shi?"

Baffa Hamman ya jingina da sandarsa. "Sunkuyawa yake yi, Hajiya. Ko a wajenmu haka ne."

"Dawata ta hanyar Yako ta isa maimai. Na mutum nawa ya ci?"

Bala ya fara jero ƙasashen daga farko, jama'a suna taya shi inda ya manta. Kulu ta tuna musu da Larabawa.

"To noman waɗannan duka zai yi," in ji Hajiya. "Gobe da sassafe. Kwamfutar kuma a mayar da ita ɗaki. In malamin nan na Tudun Wada ya samu sarari, shi ya zo da kansa, zan yi magana da shi."

Mata suka fara kwashe kwanuka. Bala ya naɗe wayarsa. Mudi yana zaune bai iya tashi ba, rabi tuwo rabi labari. Ya cire tabarau ya rage murya, abin da tashar Bebeji ba ta taɓa ji ba.

"Hajiya, to maganarmu fa?"

"Inda kartata ta tafi, can ta tafi."

"Na riga na gaya wa manyana. Sun shirya zuwa."

Hajiya ta ɗauki akushin da ya sha suɗi, ta duba cikinsa, ta miƙa wa Kulu.

"Kada su fasa," in ji ta. "Gonar da faɗi. Kowa ya zo da fartanyarsa."